Jijjiga: Yadda Ake Gane Ciwon Inji Ba Tare da An Kwance Shi Ba

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa raka mahaifiyarsa sayen tukunyar ƙasa a kasuwar birnin Zariya ya ga wani gwaji na kimiyya, ko da bai san sunansa ba. Mai saye ba ta biyan kuɗi sai ta ɗaga tukunyar, ta ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta kasa kunne. Idan tukunyar ta yi ƙara garau, lafiyarta ƙalau. Idan kuwa ƙarar ta fito a dushe, to akwai tsaga a jikinta, ko da ido bai gan ta ba. Ba a fasa tukunyar ba, ba a ko ƙwarzane ta ba, amma an san halin da take ciki.

Mai injin niƙan da ya daɗe a sana'a a unguwannin cikin ganuwa, daga Ƙofar Doka har zuwa Ƙofar Gayan, shi ma yana da irin wannan kunne. Yana zaune yana hira sai a ga ya miƙe ya kashe inji, ya ce boris ya fara ci. Wani ma yakan ɗora bakin sukudireba a jikin injin, ya kafa kunnensa a ƙotar, kamar yadda likita ke sauraron ƙirjin majiyyaci.

Injiniyoyin da ke kula da manyan injunan haƙar ma'adinai da na man fetur su ma sauraro suke yi. Bambancin shi ne sun mayar da abin da kunne ke ji, da abin da hannu ke ji, zuwa lambobin da za a iya rubutawa a kwatanta. Suna auna jijjigar inji yana cikin aiki, ba tare da an tsayar da shi ko an kwance ko noti ɗaya ba, daga nan su faɗi abin da ke damunsa. Wannan maƙala za ta bayyana yadda ake yin haka, da kuma ɗan lissafin da ke ƙarƙashinsa, wanda bai fi ƙarfin ɗalibin sakandare ba.

Batun bai yi nisa da Zariya ba. Daga nan ne ƙaramin layin dogo ya tashi zuwa filayen haƙar kuza na Jos da Bukuru, layin da aka kammala a 1914 aka rufe a 1957. A 1980 aka buɗe matatar mai ta Kaduna, kimanin kilomita 80 kudu da birnin, aka kuma gina tashar tura mai a Zariya a kan bututun da ya nufi Kano, inda reshe ya ɓalle zuwa Gusau. A Samaru kuwa, Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana horar da injiniyoyin da irin waɗannan wurare ke bukata.

Mece ce jijjiga?

Jijjiga ita ce kai-komon da abu ke yi a wuri guda, ya matsa nan kaɗan ya dawo can kaɗan, ya yi ta maimaitawa. Fatar kalangu tana jijjiga idan an kaɗa ta, haka ma tsirkiyar garaya. Abubuwa biyu ake tambaya game da kowace jijjiga. Na farko shi ne saurinta, wato kai-komo nawa take yi a sakan ɗaya. Ana auna wannan da hertz, wanda ake taƙaitawa Hz, sunan da aka ɗauko daga masanin nan na Jamus, Heinrich Hertz. Kai-komo ɗaya a sakan shi ne Hz 1. Kunnen matashi mai lafiya yana jin sauti daga kimanin Hz 20 zuwa Hz 20,000. Na biyu shi ne ƙarfinta, wato iyakar nisa ko gudun da abin ke yi a kowane kai-komo.

Babu injin da ke juyawa da ba ya jijjiga, komai kyawun ƙirarsa. Abin lura shi ne saurin jijjigar yana bin saurin juyawar injin. A ɗauki famfon da sandarsa, wadda makanikai ke kira shaf, ke juyawa sau 1,500 a minti. In aka raba 1,500 da 60 za a sami 25, wato juyi 25 a sakan. Idan gefe ɗaya na farfelar famfon ya fi ɗaya nauyi, wannan nauyin zai riƙa fizgar injin sau ɗaya a kowane juyi, sai a sami jijjiga a daidai Hz 25. Wannan lamba ita ce mabuɗin dukkan binciken, domin da ita ake gwada sauran lambobin da za a gani.

Yadda ƙaramin nauyi ke karya babban ƙarfe

Mai karatu zai iya tambaya, me ɗan rinjayen nauyi zai yi wa injin da ya kai tan guda? Amsar tana cikin ƙa'idar da ake koyarwa a ajin fizik. Ƙarfin da abu mai juyawa ke ja da shi zuwa waje yana ƙaruwa da nauyinsa, da nisansa daga tsakiya, da kuma saurin juyawa ninki cikin ninki. Alal misali, ƙura mai nauyin giram 10 ta daskare a kan farfela, santimita 20 daga tsakiya. A juyi 1,500 a minti, fizgar da za ta yi ta kai kimanin newton 49, kwatankwacin nauyin kilo 5. In saurin ya ninka ya koma 3,000, fizgar ba biyu za ta ninka ba, huɗu za ta ninka, ta kai kwatankwacin kilo 20. A ƙasar da hunturu ke sauke ƙura wata da watanni, giram 10 ba abin mamaki ba ne.

Sa'an nan wannan fizga ba sau ɗaya take zuwa ba. Injin da ke juyi 1,500 a minti yana juyi 2,160,000 a kwana ɗaya. Kowa ya san cewa waya ba ta tsinkewa da lanƙwasa ɗaya, amma in aka yi ta lanƙwasa ta ana miƙewa a wuri guda, sai ta yi zafi ta karye. Haka ƙarfen inji yake. Ƙaramar tsaga takan fara a inda ƙarfen ke da kusurwa ko ƙwarzane, ta riƙa tsawo kaɗan-kaɗan, har ranar da abin da ya rage ba zai iya ɗaukar kayan ba, sai ya ɓalle farat ɗaya. Ana kiran wannan gajiyar ƙarfe. Injiniyan jirgin ƙasa na Jamus, August Wöhler, shi ne ya yi nazarinta mai zurfi a shekarun 1850 da 1860, bayan sandunan ƙafafun jirage sun yi ta karyewa ba tare da an ɗora masu kayan da ya wuce kima ba.

Akwai kuma wani abu da ke ƙara tsananta lamarin. Kowane abu yana da saurin kai-komon da ya dace da ɗabi'arsa, wanda nauyinsa da taurinsa ke ƙayyadewa. Makaɗin kalangu yana sauya wannan sauri duk lokacin da ya matse tsarkiyar gangar a hammatarsa, shi ya sa muryarta ke hawa da sauka. Idan fizgar da inji ke yi ta zo daidai da saurin ɗabi'ar gindinsa ko bututun da ke jone da shi, sai jijjigar ta kumbura ainun, kamar yaron da ke kan lilo ana tura shi a daidai lokacin da ya dace. Don gano wannan sauri, injiniya yakan bugi injin da guduma mai kan roba yana a kashe, ya auna yadda ya amsa. Gwajin mai sayen tukunya ke nan, sai dai da na'ura. Hikimar ɗaya ce da ta ma'aikatan jirgin ƙasa na da a ƙasashe da dama, waɗanda ke bin ƙafafun taragu da doguwar guduma suna ƙwanƙwasawa suna saurare.

Kunnen ƙarfe

Na'urar da aka fi amfani da ita wajen auna jijjiga ba ta fi babban yatsa girma ba. Tushenta wani bincike ne da 'yan'uwa biyu Faransawa, Jacques da Pierre Curie, suka yi a 1880. Sun gano cewa wasu duwatsu masu sheƙi, irin su kwatz, suna fitar da ɗan lantarki idan an matse su. A cikin na'urar akwai irin wannan dutse, ko wani tangaran na musamman mai hali irin nasa, da ɗan ƙarfe mai nauyi a kansa. In aka manna na'urar a jikin inji da maganaɗisu ko da noti, kowace jijjiga sai ta sa ƙarfen ya matse dutsen ya saki, lantarkin da ke fita kuma ya riƙa hawa da sauka daidai da motsin injin.

Ana ɗora na'urar a kan gidan boris, domin ta nan ne duk fizgar shaf ke bi ta shiga jikin inji. A kowane boris ana aunawa ta fuska uku: a kwance, a tsaye, da kuma ta tsawon shaf. Dole ne kuma a riƙa komawa wuri guda kowane lokaci, shi ya sa akan yi wa wurin alama da fenti.

Abin da na'urar ke fitarwa da farko layi ne mai cike da tudu da kwari, wanda ba shi da kai balle gindi, domin farfela da boris da giya duk suna magana lokaci guda, kamar hayaniyar kasuwa. A nan ne lissafi ke shigowa. Masanin lissafi na Faransa, Joseph Fourier, ya nuna a littafinsa na 1822 cewa ana iya rarraba kowane irin kai-komo mai sarƙaƙiya zuwa wasu sauƙaƙan kai-komo, kowanne da saurinsa da ƙarfinsa. Yin wannan lissafi da hannu aiki ne mai cin lokaci, har sai a 1965 da James Cooley da John Tukey na Amurka suka wallafa gajeriyar hanyar da kwamfuta za ta bi ta gama shi nan take. Sakamakon shi ne jadawali: a kwance an jera sauri da Hz, a tsaye kuma ƙarfin jijjiga. Kowane tsini da ya taso a jadawalin muryar wani sashe ne na injin, kamar yadda mai kunnen kiɗa ke ware sautin kalangu daga na algaita a cikin taron biki.

Kowace cuta da muryarta

A koma ga famfon nan mai juyi 25 a sakan. A ce farfelarsa tana da fukafukai 6, boris ɗinsa yana da ƙwallaye 9, akwai kuma giya mai haƙora 20 a kan shaf ɗin. Tun kafin a je wurin injin, ana iya lissafa inda kowace cuta za ta bayyana.

Rinjayen nauyi yana fitowa a daidai saurin juyi, wato Hz 25, kuma ya fi ƙarfi a kwance da a tsaye. Maganinsa sau da yawa wanke farfela ne, ko ƙara ɗan nauyi a gefen da ya gaza.

Rashin daidaiton shaf biyu, wato inda aka haɗa famfo da injin da ke juya shi amma ba su miƙe a layi ɗaya ba, yakan ta da tsini a ninki biyu, Hz 50, tare da jijjiga mai ƙarfi ta tsawon shaf.

Sakin notuna ko tsagewar gindin siminti yakan haifar da jerin tsinaye a 25, 50, 75, 100 da abin da ya yi sama, domin injin yana bugun mazauninsa maimakon ya yi lilo a hankali.

Fukafukan farfela suna wuce bakin mafitar ruwa sau 6 a kowane juyi, don haka muryarsu tana 6 sau 25, wato Hz 150. Haƙoran giya kuwa suna cizon juna sau 20 a kowane juyi, muryarsu tana Hz 500. Kasancewar waɗannan tsinaye ba laifi ba ne, girmansu daga wata zuwa wata shi ne abin dubawa.

Boris yana da zobe biyu, na ciki da na waje, ƙwallaye suna gangarawa a tsakaninsu. In ɗan rami ya fito a zoben waje, kowace ƙwallo da ta bi ta kansa sai ta yi ƙwas. Ƙiyasin da injiniyoyi ke amfani da shi shi ne a ninka yawan ƙwallaye da saurin juyi, sa'an nan a ɗauki kashi 4 cikin 10 don zoben waje, kashi 6 cikin 10 don zoben ciki. A wannan misali, zoben waje zai yi magana a wajen Hz 90, na ciki a wajen Hz 135. A lura cewa waɗannan lambobi ba ninkin 25 ba ne, kuma da haka ake gane su. Wannan alama takan bayyana makonni, wani lokaci watanni, kafin boris ya yi zafi ko kunne ya ji ƙararsa.

Akwai kuma ciwon da ba na ƙarfe ba ne, na lantarki ne. Wutar Nijeriya da ta Nijar tana kai-komo sau 50 a sakan, kuma matsalar da ta shafi naɗin waya ko maganaɗisun inji takan fito a ninki biyu na wannan, wato Hz 100. Hanya mai sauƙi ta tantancewa ita ce a yanke wuta ana kallon na'ura. Jijjigar lantarki tana ɓacewa nan take, ta ƙarfe kuwa tana raguwa a hankali yayin da injin ke rage gudu.

Nawa ne ya yi yawa?

Tun 1939 wani injiniya a Amurka, T. C. Rathbone, ya wallafa jadawalin da ke nuna jijjigar da za a iya haƙuri da ita da wadda ta zama haɗari. Daga baya Hukumar Daidaita Ma'auni ta Duniya ta fitar da ƙa'ida mai lamba ISO 2372 a 1974, sai ISO 10816 a 1995, sai kuma ISO 20816 da ta fara maye gurbinta a 2016. Ana auna gudun jijjiga da milimita a sakan, a raba sakamakon gida huɗu. A tsohon jadawalin, ga matsakaicin inji mai ƙarfin kilowat 15 zuwa 75, abin da bai wuce 1.12 ba halin sabon inji ne. Daga nan zuwa 2.8 inji zai iya ci gaba da aiki ba fargaba. Daga 2.8 zuwa 7.1 sai a shirya gyara, domin ba zai daɗe a haka ba. Abin da ya haura 7.1 yana iya lalata injin.

Duk da haka, lamba ɗaya ta rana ɗaya ba ta cika ba da labari ba. Injin da ya shekara yana nuna 2.5 ya fi kwanciyar hankali a kan wanda ya tashi daga 0.8 zuwa 2.0 cikin wata biyu, ko da yake na biyun ne ke da ƙaramar lamba. Saboda haka ake auna inji tun yana sabo ko bayan an gama gyara shi, a ajiye wannan a matsayin ma'auni, sa'an nan a riƙa komawa a kai a kai, galibi wata-wata.

Fa'idar hakan tana fitowa idan aka kwatanta hanyoyi uku na kula da inji. Ta farko ita ce a bar shi sai ya tsaya da kansa, wadda ke mayar da gyaran boris ɗaya zuwa sayen shaf da farfela da gidansu. Ta biyu ita ce a kwance shi bisa kalanda, ko yana ciwo ko ba ya ciwo. Wannan tana da tsada, kuma buɗe lafiyayyen inji kan sa ƙura ta shiga, ko a mayar da shi ba daidai ba. Binciken da Stanley Nowlan da Howard Heap suka wallafa a 1978 a kan sassan jiragen sama ya nuna cewa kashi 89 cikin 100 na sassan ba su da wani takamaiman lokacin tsufa da za a ce in an canza su a kansa an tsira. Hanya ta uku ita ce a bar injin ya faɗi halinsa da kansa, a gyara abin da ya lalace a lokacin da aka zaɓa.

A filin haƙar ma'adinai

Injunan ma'adinai suna aiki cikin ƙura da laka da duka. A filayen kuza na Jos an yi amfani da manyan famfuna masu zuƙo ruwa haɗe da tsakuwa, kuma tsakuwa ba ta cin farfela daidai wa daida, don haka rinjayen nauyi ciwo ne na kullum ga irin waɗannan famfuna. A wuraren fasa dutse da masana'antun siminti, irin na Ashaka a Jihar Gombe da na Kalambaina a Sakkwato, akwai injunan murƙushe dutse, da dogayen bel masu jigila a kan ɗaruruwan boris, da manyan ganguna masu niƙa.

Wannan fage yana da wahalhalu biyu. Na farko, wasu injunan an ƙera su ne don su yi jijjiga, kamar babbar rariyar ƙarfe mai tankaɗe tsakuwa. A nan ana auna kusurwoyinta huɗu a ga ko suna motsi iri ɗaya, domin in ɗaya ta saɓa, alama ce ta karyewar sifirin ko tsagewar jiki. Na biyu, manyan gangunan niƙa ba sa kai wa juyi 20 a minti, kuma ƙarar duwatsun da ke faɗuwa a cikinsu tana binne ɗan ƙwas ɗin boris. Dabarar ita ce a tace ƙananan sautuka a zubar, a riƙe na can sama inda ƙarfe ke amsa bugu kamar ƙararrawa, sa'an nan a ƙirga sau nawa ƙararrawar ke kaɗawa a sakan.

A ma'adinan ƙarƙashin ƙasa kuwa, maganar ta wuce ta kuɗi. Ramin yuraniyom na Akouta, kusa da Arlit a Jamhuriyar Nijar, wanda ya yi aiki daga 1978 zuwa 2021, zurfinsa ya kai kimanin mita 250. A irin wannan wuri manyan fankoki ne ke tura wa ma'aikata iskar shaƙa, famfuna kuma ke hana ruwa cika ramin. Fankar da ta tsaya ba shiri barazana ce ga rayuka, shi ya sa akan kafa mata na'urar da ke aunawa dare da rana.

A rijiyar mai da kan bututu

Mai ba ya tafiya a bututu da kansa, famfuna ne ke tura shi daga tasha zuwa tasha. Ɗanyen man da aka tsara wa matatar Kaduna, wadda ƙarfinta ya kai ganga 110,000 a rana, ta bututu aka shirya kawo shi daga yankin Warri, ta tashoshi irin su Auchi, Lakwaja, Abaji da Sarkin Pawa. Matatar Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin ganga 20,000 a rana, tana karɓar nata daga filin Agadem ta bututun da ya haura kilomita 400. A irin wannan tsari, famfo ɗaya da ya tsaya yana iya tsayar da layin gaba ɗaya.

Famfon mai yana da ciwo na musamman. In abin da ke shigo masa bai ishe shi ba, sai ƙananan kumfa su taso a bakin farfela su riƙa fashewa da ƙarfi, suna sassaƙe ƙarfen kamar cin gara. Kunne yana jin abin kamar an zuba tsakuwa a cikin famfon. A jadawali kuwa ba tsini ɗaya yake fitowa ba, sai a ga dogon tudu ya shimfiɗu a ɓangaren sauri mai yawa.

Manyan injunan matse iskar gas, masu juyi dubbai a minti, ba sa amfani da boris mai ƙwallaye. Shaf ɗinsu yana yawo ne a kan siririn shimfiɗin mai, jikinsu kuma yana da kauri ƙwarai, har jijjigar ciki ba ta fitowa waje sosai. Domin su ake amfani da wata na'ura da ke auna tazarar da ke tsakaninta da shaf ba tare da ta taɓa shi ba, wadda kamfanin Bently Nevada na Amurka ya yaɗa tun shekarun 1960. Ana kafa biyu a kowane boris, ɗaya a kusurwar digiri 90 daga ɗaya, su riƙa zana hanyar da tsakiyar shaf ke bi. Ma'auninsu maikiron ne, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita, alhali kaurin gashin mutum yana tsakanin maikiron 50 da 100. In motsin ya wuce haddi, na'urar tana kashe injin da kanta.

A wurin haƙar rijiya, kamar filin Kolmani da ke iyakar Bauchi da Gombe inda aka ƙaddamar da aiki a Nuwamban 2022, jijjigar tana can ƙarƙashin ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Sandar haƙa bututu ce mai tsawon kilomitoci, kuma a wannan tsawo ƙarfe yana murɗewa kamar igiya. Wani lokaci bakin haƙar yakan maƙale a dutse alhali sama tana ci gaba da juyawa, sai sandar ta murɗe ta murɗe, sa'an nan bakin ya kuɓuce ya juya da gudun da ya ninka na sama. Wani lokaci kuma yakan yi ta tsalle, ko sandar ta riƙa dukan bangon rijiya. Ana sa na'urorin aunawa kusa da bakin, su aiko da saƙo sama ta hanyar bugun matsi a cikin taɓon da ake turawa rijiyar. Mai haƙa sai ya sauya saurin juyi ko nauyin da ya ɗora, kafin sandar ta tsinke a bar kayan miliyoyi a cikin rami.

Ya kamata a sani cewa jijjiga ba ta ganin komai da komai. Tsatsar da ke cin bututu daga ciki ba ta jijjiga. Don haka ake haɗa wannan gwaji da binciken man inji don neman ɓurɓushin ƙarfe, da kyamarar da ke ganin zafi, da sautin da ya wuce jin kunne wanda ke auna kaurin ƙarfe.

Darasi daga Saberiya

Auna jijjiga ba shi da amfani idan ba a yi aiki da abin da aka gani ba. Ranar 17 ga Agustan 2009, a tashar lantarki ta Sayano-Shushenskaya da ke kan kogin Yenisei a Rasha, injin ruwa na biyu ya fizge murfinsa ya yi sama, ruwa ya cika ɗakin injuna, mutum 75 suka rasu. Injuna 9 daga cikin 10 na tashar sun lalace. Rahoton hukumar binciken ƙasar ya nuna cewa injin ya daɗe yana jijjiga fiye da haddin da aka yarda, kuma na'ura tana nuna hakan, amma ba a tsayar da shi ba. Da aka duba ƙusoshin da ke riƙe da murfin, sai aka tarar da tsagar gajiyar ƙarfe a mafi yawan waɗanda aka samo. Wannan ba rijiyar mai ba ce, ba kuma ramin ma'adinai ba, amma darasin ya shafi duk inda babban inji ke juyawa, har da tashoshin Kainji da Jebba da Shiroro.

Gwaji a makaranta

Malamin fizik zai iya nuna wannan ilimi da fankar tebur da wayar hannu, domin yawancin wayoyin zamani suna ɗauke da ƙaramin ma'aunin motsi. Akwai manhajoji na kyauta da ke karanta shi su zana jadawali, kamar phyphox ta Jami'ar RWTH Aachen a Jamus. A ɗora wayar a gindin fankar, a kunna, a rubuta inda tsini mafi tsawo ya fito da kuma tsawonsa. In aka ninka lambar Hz da 60, an sami juyin fankar a minti. Sa'an nan a zare fulogi, a manna ɗan cingam a bakin fiffike ɗaya, a mayar da ragar kariya, a sake kunnawa. Tsinin zai tsaya kusan inda yake, amma zai yi tsawo. A matsar da cingam ɗin kusa da tsakiya a sake aunawa, ɗalibai su bayyana dalilin da ya sa ya ragu. Kada a taɓa kunna fanka ba raga, kada kuma ɗalibi ya kusanci bel ko fulin injin niƙa da sunan gwaji.

Kammalawa

Rigakafi ya fi magani, in ji Hausawa, amma rigakafi yana bukatar sanin inda ciwo yake. Inji yana sanar da ciwonsa tun da wuri, kuma kowane ciwo yana da lambarsa, wadda ake samu ta hanyar ninkawa da rabawa. Mai injin niƙa na cikin birni ya riga ya san rabin wannan ilimi. Abin da ya rage masa shi ne rubutu, domin gwanintar kunnensa tana tafiya tare da shi ranar da ya bar sana'a, alhali littafin da aka rubuta ma'aunin kowane wata yana nan ga wanda ya gaje shi.

Arewacin Nijeriya da Nijar suna ƙara samun wuraren da ke bukatar masu wannan sani, daga masana'antun siminti zuwa bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Ɗalibin da ke sha'awar fannin sai ya riƙe lissafi da fizik da kyau, musamman darussan sauti da kai-komo da juyawa. Zai kuma iya farawa tun yanzu da fankar ajinsu ko famfon makarantarsu: ya auna, ya rubuta lambar da kwanan wata, ya dawo bayan wata guda ya sake aunawa.